Yadda Za Ka Gane Jikinka Ya Fara Bijire wa Insulin Tun Kafin Ciwon Suga Ya Bayyana

Mutane da yawa suna fitowa daga asibiti da murna suna cewa, "An auna ni, ba ni da suga." Abin da aka yi musu shi ne an soki yatsa, na'ura ta nuna lamba ƙasa da iyakar ciwon suga, aka sallame su. Lambar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗin irin wahalar da jiki ya sha kafin ya riƙe sukarin a wannan matsayi. Ciwon suga nau'i na biyu ba ya faɗo wa mutum rana ɗaya. Kafin sukarin jini ya haura, jiki yakan yi shekaru yana fama da bijirewa insulin, kuma a waɗannan shekarun ne gyara ya fi sauƙi, ya fi araha. Abin da ke damuna shi ne alamun suna nan kwance a takardun gwaji na yau da kullum, waɗanda mutum ya biya kuɗinsu ya ninke ya jefa a aljihun tebur, babu wanda ya zauna ya haɗa lambobin.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa bayan an ci abinci. Shi ke umartar tsoka ta ɗauke sukari daga jini, ya hana hanta zubo nata sukarin da ta tara, ya kuma sa ƙwayoyin kitse su riƙe kitsensu. Idan tsoka da hanta suka rage jin wannan umarni, fankiriyas sai ta ƙara yawan insulin ɗin, kamar mai magana da wanda kunnensa ya yi nauyi, dole ya ɗaga murya. Muddin muryar na da ƙarfi saƙo yana isa, sukari yana zama daidai. Ranar da ta dushe, ranar ce na'ura za ta ce akwai suga.

A tsawon wannan lokaci sauran jiki ba ya zaune lafiya. Kitsen cikin ciki yana kwarara kai tsaye zuwa hanta, hanta tana ƙunshe shi tana turowa cikin jini a matsayin maiƙon da ake kira tirigilisaraid, wanda ake rubutawa TG a takarda. Idan TG ya hau, kolestirol mai amfani, wato HDL, yakan sauka. Yawan insulin kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. A 1988 wani likita na Jami'ar Stanford a Amurka, Gerald Reaven, ya nuna cewa waɗannan matsaloli da ake gani a warwatse tushensu ɗaya ne. Tarin nasu ne yau likitoci ke kira metabolik sindirom, kuma yana kai mutum ga ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Akwai gwajin da ke auna bijirewar kai tsaye, wanda Ralph DeFronzo da abokan aikinsa suka bayyana a 1979. Ana kwantar da mutum, a riƙa ɗura masa insulin da ruwan sukari ta jijiya na tsawon awanni, ana ɗibar jini bayan kowane 'yan mintuna. Wannan aikin masu bincike ne, ko a manyan asibitocin Turai ba a yi wa mai zuwa ganin likita. Shi ya sa aka nemo hanyoyi masu sauƙi, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: tef ɗin tela, awon jini, da madubi

Kafin ka kashe ko sisi a ɗakin gwaji, samo tef irin na tela. Tsaya a miƙe, ɗaga riga, lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu. Ba a inda ake ɗaure wando ba, domin masu tumbi da yawa suna ɗaurewa a ƙarƙashinsa. Saki numfashi a hankali, kada ka matse ciki, sannan ka karanta. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa iyakar santimita 94 ga namiji da 80 ga mace a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Waɗannan lambobi daga na Turawa aka aro su, don haka ka ƙara da wani lissafi da ya fi dacewa da dogo da gajere: raba awon zagayen ƙugu da tsayinka. Idan amsar ta kai 0.5, wato ƙugunka ya kai rabin tsayinka, kitsen ciki ya fara yawa. Daga 0.6 zuwa sama haɗarin ya ƙaru sosai.

Sai awon hawan jini. Zauna minti 5 ka huta, a auna sau biyu, a kuma maimaita wata rana. Iyakar da ake amfani da ita wajen ƙirga alamomin metabolik sindirom ita ce 130 a sama ko 85 a ƙasa.

Daga nan ka sa a duba maka bayan wuya da hammata. Idan fatar wurin ta yi duhu fiye da sauran jiki, ta yi kauri da laushi, kuma wanka da soso ba ya fitar da ita, ba dauɗa ba ce. Yawan insulin ne ke sa fata ta yi haka, kuma sau da yawa akan ga ƙananan tsiro na fata a wuya tare da ita. Iyaye mata da yawa suna dirje wuyan yara masu ƙiba suna yi musu faɗan ƙazanta, alhali jiki ne ke ba da sanarwa. Ga mace, rikicewar al'ada tare da fitowar gashi a haɓa da wahalar samun ciki su ma suna cikin alamun, haka wadda ta taɓa samun sukari lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri da ya wuce kilo 4.

Mataki na biyu: shirin zuwa gwaji

Kyakkyawan lissafi ba ya gyara jinin da aka ɗiba ba daidai ba. Ana buƙatar awa 8 zuwa 12 ba tare da abinci ba. Ka ci abincin dare yadda ka saba, ka kwana, ka tafi da safe. Ruwa zalla za ka iya sha, ma ya fi kyau ka sha. Ban da shayi ko da babu sukari, ban da koko, ban da goro, ban da taba.

Wannan ba irin azumin ibada ba ne. Wanda ya yi sahur da asuba ya je ɗakin gwaji ƙarfe 9 na safe bai cika ko awa 5 ba, TG ɗinsa da insulin za su fito sama. Idan kuma ya jira har yamma, jikinsa ya bushe, sukarin yamma kuma yakan fito ƙasa da na safe. Ka zaɓi ranar da ba ka azumi.

Kada ka yi gwajin kana zazzaɓi ko ka tashi daga ciwo kwanan nan, ka bari ka murmure na 'yan makonni. Kada ka yi aikin ƙarfi da ba ka saba ba a jajibirin ranar. Mai juna biyu tsarinta daban ne, domin ciki da kansa yana kawo bijirewa insulin, awonta yana hannun masu awon ciki. Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha. Dexamethasone da prednisolone suna ɗaga sukari sosai, kuma akwai mata da 'yan mata da ke shan su don su yi ƙiba, wasu ma ba su san suna cikin haɗin da aka sayar musu ba. Wasu magungunan hawan jini, wasu na taɓin hankali irin olanzapine, da ƙwayoyin tazarar haihuwa su ma suna iya taɓa sukari ko TG. Ba cewa aka yi ka daina shan su ba, a sani ne kawai lokacin karanta sakamako.

Abu na ƙarshe a nan yana hannun ɗakin gwajin. Jinin da aka bari a kwalba yana cin sukarinsa, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, musamman a zafi. Shi ya sa ake zuba jinin sukari a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin da ke rage wannan. Ka zaɓi wurin da suke aikin a nan take, ba masu tara jini su aika wani gari da yamma ba.

Mataki na uku: abin da za ka nema

Biyu ne ginshiƙi: sukarin jini na safe da aka ɗiba ta jijiya, wanda ake rubutawa FBS ko FPG, da gwajin maiƙon jini, wanda ke kawo TG, HDL, LDL (kolestirol mai cutarwa) da jimillar kolestirol. Da waɗannan biyun kaɗai za ka yi mafi yawan aikin. Idan da hali, a ƙara da insulin na safe daga jinin da aka ɗiba a lokaci guda. Ya fi tsada, kuma sai a manyan ɗakunan gwaji da asibitocin koyarwa. HbA1c da gwajin shan ruwan sukari za su zo a gaba. ALT da GGT na hanta da yurik asid ƙarin shaida ne kawai: sukan hau idan hanta ta tara kitse, amma a yankinmu da ciwon hanta nau'in B ya yawaita, hawan ALT yana buƙatar a fara gwada wannan kafin a ɗora wa kitse laifi.

Mataki na huɗu: daidaita ma'auni

A nan mutane suka fi yin kuskure, su tsorata kansu a banza ko su kwantar da hankali a banza. Ɗakunan gwaji ba ma'auni ɗaya suke rubutawa ba. A Najeriya da Gana za ka fi ganin mmol/L, ƙananan na'urorin gida da yawa suna nuna mg/dL, a Nijar, Kamaru da Chadi kuma sau da yawa g/L ne irin na tsarin Faransa. Lissafin da ke tafe yana son mg/dL. Idan takardarka mmol/L ce, ninka sukari da 18, ninka TG da 88.5, ninka HDL da 38.7. Idan g/L ce, ninka kowanne da 100, wato 1.06 ya zama 106. Insulin kuma idan an rubuta shi da pmol/L, raba shi da 6 ka samu mU/L. Rubuta sababbin lambobin a gefen takardar.

Mataki na biyar: ƙirga alamomi biyar

A 2009 manyan ƙungiyoyin ciwon suga da na zuciya suka haɗu a kan ma'ana ɗaya: wanda ke da uku cikin biyar yana da metabolik sindirom. Biyu ka riga ka auna, ƙugu da hawan jini. Sauran ukun su ne sukarin safe da ya kai 100 mg/dL ko 5.6 mmol/L, TG da ya kai 150 mg/dL ko 1.7 mmol/L, da HDL da ya gaza 40 mg/dL ko 1.0 mmol/L ga namiji, 50 mg/dL ko 1.3 mmol/L ga mace. Wanda ke shan maganin hawan jini, na sukari ko na maiƙo, ana ƙirga masa wannan alamar ko da lambarsa ta sauka.

Mataki na shida: lissafi uku

Bari mu ɗauki misali na kwatance. Magidanci mai shekara 45, tsayinsa santimita 172, ƙugunsa 101, awon jininsa 136 a kan 88. Takardarsa ta nuna sukari 5.9, TG 1.9, HDL 0.9, duk da mmol/L, insulin kuma 14 mU/L. Idan aka juya, sukari ya zama 106, TG 168, HDL 35. Sukarinsa bai kai 126 ba, wato iyakar ciwon suga, don haka za a ce masa ba shi da suga. Amma alamomin nan biyar duk ya cika su.

Lissafi na farko shi ne mafi sauƙi: raba TG da HDL. A nan 168 a raba da 35 ya ba da 4.8. Binciken da Tracey McLaughlin da Reaven suka wallafa a 2003 ya nuna cewa a cikin masu ƙiba, wanda amsarsa ta kai 3.0 ya fi yiwuwa yana da bijirewa insulin. Idan ka yi rabawar da mmol/L ba tare da juyawa ba, 3.0 ɗin tana daidai da kusan 1.3.

Na biyu ana kiransa TyG, kuma masu bincike a Durango ta ƙasar Meziko ne suka fito da shi a 2008 domin wuraren da gwajin insulin ya fi ƙarfin talaka. Ninka TG da sukari, raba da 2, sannan ka danna maɓallin ln a kalkuletar wayarka. Idan ba ka gan shi ba, kwantar da wayar ko ka buɗe ɓangaren lissafin kimiyya. Na magidancin nan: 168 sau 106 ya zama 17,808, rabinsa 8,904, ln ɗinsa 9.09. Yawancin bincike sun sa iyaka tsakanin 8.5 da 8.8, don haka 9.09 ya haura. Akwai ruɗani ɗaya da za ka ci karo da shi a intanet. Wasu suna fara danna ln kafin su raba da 2, sai amsarsu ta fito kusa da 4 ko 5, iyakarsu kuma 4.68. Ta wannan hanya magidancin zai samu 4.89. Hanyoyin biyu abu ɗaya suke aunawa, 4.68 ta can ita ce kusan 8.67 ta nan. Kuskuren shi ne ka yi lissafi da ɗaya ka gwada da iyakar ɗayar.

Na uku shi ne HOMA-IR, wanda David Matthews da abokan aikinsa na Oxford suka kawo a 1985. Shi kaɗai ne cikin ukun ke buƙatar insulin. Ninka insulin da sukari na mmol/L, ka raba da 22.5. Idan sukarin mg/dL ne, ka raba da 405. Na magidancin: 14 sau 5.9 ya zama 82.6, a raba da 22.5 ya ba da 3.7. An tsara lissafin ne yadda matashi mai lafiya marar ƙiba zai samu kusan 1. Iyakar da aka fi amfani da ita tana tsakanin 2 da 3, da yawa suna tsayawa a 2.5. Sai dai injinan auna insulin ba su daidaita da juna ba, jini ɗaya yana iya ba da lamba daban a wurare biyu, don haka idan za ka maimaita ka koma inda ka fara. Lissafin ba ya aiki ga mai yin allurar insulin. Ga wanda ya daɗe da ciwon suga kuma, lambar tana iya saukowa ba don ya samu sauƙi ba, sai don fankiriyas ta gaji.

Mataki na bakwai: inda TG ke yaudarar baƙar fata

Wannan ne ɓangaren da nake so kowane mai karatu ya riƙe, domin iyakokin da na lissafa a sama yawancinsu a jikin Turawa da 'yan Meziko aka gwada su. A 2005 Anne Sumner da abokan aikinta a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa cewa TG da rabon TG da HDL ba sa nuna bijirewa insulin yadda ya kamata a baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda asalin yawancinsu Afirka ta Yamma ne. A 2010 aka sake duba batun a babban binciken zuciya na garin Jackson a jihar Mississippi, aka ga rabon yana ɗan aiki ga maza idan an sauke iyakar zuwa 2.5, amma ga mata ya gaza. Dalilin shi ne jikin baƙar fata yana saurin kwashe TG daga jini, kuma a nauyi iri ɗaya yakan tara kitse kaɗan a hanta fiye da na Bature. Mutum yana iya kasancewa cikin bijirewa mai tsanani TG ɗinsa yana ƙasa lafiya lau.

Ga misali na biyu, shi ma na kwatance. Mace mai shekara 38, tsayi 160, ƙugu 96, awon jini 128 a kan 82, bayan wuyanta ya yi duhu, mahaifiyarta tana da ciwon suga. Sukari 5.2, TG 0.9, HDL 1.1, insulin 18. A juye: 94, 80 da 43. Rabon TG da HDL bai kai 2 ba. TyG ɗinta 8.23, ƙasa da iyaka. Alamomi biyu kawai take da su cikin biyar, ƙugu da HDL, don haka a ƙa'ida ba ta da metabolik sindirom. Amma HOMA-IR ɗinta, 18 sau 5.2 a raba da 22.5, ya kai 4.2, ya ma fi na magidancin da komai nasa ya fito fili. Wadda aka fi sallama da "lafiyarki ƙalau" ke nan, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta.

Ga yadda nake ganin ya dace a karanta: idan TG, rabonsa da HDL, ko TyG suka hau, a yarda da su, shaida ce mai ƙarfi. Idan sun fito ƙasa, ba su wanke kowa ba, musamman mace. A nan sai a ba ƙugu, HDL, hawan jini, fatar wuya da tarihin gida nauyi, kuma a nan ne kuɗin gwajin insulin ko na shan ruwan sukari ke biyan kansa.

Mataki na takwas: HbA1c da ruwan sukari

HbA1c yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, don haka yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ba ya buƙatar a zo da yunwa. Daga 5.7 zuwa 6.4 cikin ɗari ana kan hanyar ciwon suga, daga 6.5 an shiga. Amma lissafinsa ya dogara ne a kan cewa ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120. Duk abin da ya gajarta ranta yana sauke lambar ta ƙarya: ciwon sikila, fashewar ƙwayoyin jini, zubar jini ko ƙarin jini na kwanan nan, da ƙarancin sinadarin G6PD da ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ke damun mata da yawa, shi kuma yana iya ɗaga ta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, kuma wasu injinan suna kuskure a jinin AS da AC. Ka faɗi ko kai AS ne, AC ko SS kafin a yi, mai SS kuma kada ya dogara da wannan gwaji sam.

Idan alamomi suka saɓa wa juna, gwajin shan ruwan sukari ne ke raba gardama. Ana ɗibar jini da safe, a ba ka giram 75 na gulukos a ruwa ka shanye cikin minti 5, ka zauna ba yawo ba ci, a sake ɗiba bayan awa 2. Ƙasa da 140 mg/dL ko 7.8 mmol/L daidai ne, daga nan zuwa 199 ana kan hanya, daga 200 ko 11.1 ciwon suga ne. A 2024 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙara da awon awa 1, inda 155 mg/dL ko 8.6 mmol/L ke nuna haɗari tun da wuri. Gwajin yana cin safiya guda, amma yana kama mutanen da sukarin safe da HbA1c suka bari suka wuce.

Mataki na tara: abin da za ka yi da sakamakon

Waɗannan lissafe-lissafe ba sa yanke hukuncin cuta, nuni suke yi. Ka kai takardar da lissafinka wurin likita. Akwai lambobin da ba a jira da su: sukarin safe da ya kai 126 mg/dL ko 7.0 mmol/L, wanda za a maimaita don tabbatarwa, sukari 200 a kowane lokaci tare da yawan fitsari, ƙishirwa da rama, TG da ya kai 500 mg/dL saboda yana iya kumbura fankiriyas, da awon jini 180 a kan 120. Siriri kuma da sukarinsa ya hau yana ramewa, matsalarsa tana iya zama ƙarancin insulin ne ba bijirewa ba, shawarar rage ƙiba ba tasa ba ce, likita yake buƙata da gaggawa.

Ga wanda yake kan hanya bai kai ba, akwai hujja mai ƙarfi cewa ana iya juyawa. A babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, mutum sama da 3,000 masu wannan hali aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako sun rage shiga ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari a kusan shekara uku. Masu shan maganin suga mai suna metformin sun rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin kilo 6 ne da ɗan ɗoriya, minti 150 kuma tafiya ce da sauri ta rabin awa kwana biyar a mako.

A fara da abin sha, domin nan ne TG ya fi saurin sauka: lemon kwalba, shayi mai cokali uku, zoɓo da kunun da aka cika wa sukari. Zuma ma sukari ce a wurin hanta. Sai a rage girman malmalar tuwo da tulin farar shinkafa, burodi da taliya, a cike gurbin da wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da miyar ganye mai yawa irin zogale, rama, kuka da alayyafo. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi wanda aka cire wa dusa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana taimakawa, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Mai minshari mai ƙarfi da ke tashi a gajiye ya faɗa wa likita, domin yankewar numfashi a barci tana ƙara bijirewar da hawan jini. Metformin magani ne mai kyau, amma ba a saya a kemis a fara sha da ka, sai an duba aikin ƙoda.

Ka auna ƙugu sau ɗaya a wata, da safe, a wuri ɗaya. Jinin kuma a maimaita bayan wata 3 zuwa 6 a ɗakin gwajin da aka fara, da irin shirin farko, ka rubuta sabon TyG da rabon TG da HDL kusa da tsofaffin tare da kwanan wata. TG yakan motsa cikin makonni, HDL yana da nawa, yana iya ɗaukar watanni kafin a ga canji. Wanda sukarinsa ke tsakanin 100 da 125 ya riƙa gwaji kowace shekara ko da ƙugun ya sauka, wanda komai nasa ya fito daidai amma akwai ciwon suga a gidansu kada ya wuce shekara 3 bai sake ba.